Kai kanka gwajin ƙwaya kafin a kai ka

Assalamu alaikum 'yan'uwa matasa, na birnin Katsina da na Daura da ƙauyukan da ke tsakani. Maganarmu a kan ƙwaya ce da gwajinta, kuma za mu yi ta ba rufa-rufa, domin da yawa daga waɗanda ake kawowa asibiti ranga-ranga ba su san ainihin abin da suke haɗiya ba.

Mu fara da tiramol, tunda ita ta fi shiga jama'a. Maganin ciwo ce ta gaske, dangin kodin. Ƙarfin da hukuma ta amince da shi a Najeriya miligiram 50 ne da 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a lungu kuwa 200 ce ko 225, har da 250. Ka ga biyu kawai sun kai iyaka ko sun haura. Lebura da ɗan acaba da mai noman ƙodago suna shan ta wai don ƙarfin aiki, alhali gajiyar tana nan, jin ta ne aka toshe. Idan ta yi yawa a jini sai mutum ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, a gida a ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi, washegari ya sake haɗiya.

Maganin tari mai kodin an hana yin sa da shigo da shi tun watan Mayun 2018, amma bai bar gari ba. Ana juye shi a robar lemo, shi ya sa ya shiga ɗakunan 'yan mata da matan aure ba a lura ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma duk huɗu ɗaya mace ce. Don haka ƙannenmu mata, da ku ma muke.

Babban abin da ke kisa shi ne haɗi. Roci da diyazefam magungunan barci ne, suna rage numfashi. Kodin da tiramol ma haka. Wanda ya haɗa su ya kwanta, numfashinsa na iya raguwa har ya tsaya, abokansa na gefe suna cewa munshari yake. Ekzol an yi ta ne don masu karkarwar jiki, ga mai lafiya sai bushewar baki da dishi-dishi da gane-gane. Allurar fenta, wato maganin ciwon nan fentazosin, tana barin gyambon da ba ya warkewa a cinya da hannu, kuma sirinji ɗaya da aka yi karo-karo da shi ya isa ya raba ciwon hanta da ƙanjamau. Wiwi, sholisho da zaƙami kun san su, ba sai mun tsaya ba.

To gwajin. Mutane sun ɗauka fitsari ne kawai, amma matakin farko tambaya ce. Yi wa kanka waɗannan huɗun kai kaɗai, tsakaninka da Allah. Ka taɓa jin ya kamata ka rage? Ranka na ɓaci idan aka yi maka maganar shan? Ka taɓa jin kunya ko nadama bayan ka sha? Ka taɓa buƙatar sha da sassafe kafin jikinka ya saki? Ko ɗaya ka amsa da e, ya isa dalilin ganin ma'aikacin lafiya. A asibiti akwai tambayoyi takwas da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, ana ce musu ASSIST, sun fi mai da hankali kan wata ukun da suka wuce. Ga kowace ƙwaya, maki 0 zuwa 3 haɗari kaɗan ne, 4 zuwa 26 matsakaici, 27 zuwa sama kuwa alamar jiki ya kamu, sai an haɗa da magani. Wanda ya yi ƙarya a nan kansa ya cuta, tunda da amsarsa za a tsara masa kulawa.

Na fitsarin ba shi da wuya. Za a ba ka roba mai tsabta ka yi a ciki. Ana duba ɗuminsa cikin minti 4, ya kasance tsakanin digiri 32 da 38. Sai a tsoma bakin katin gwajin daƙiƙa 10 zuwa 15 ba tare da an wuce layin da aka shata ba, a ajiye shi a kwance, a karanta a minti 5. Bayan minti 10 ba a dogara da abin da ya nuna. Ga inda ake yawan kuskure: layi biyu na nufin ba a samu komai ba, layi ɗaya a gefen harafin C shi ne an samu. Akasin gwajin ciki ke nan da na maleriya, kuma iyayen da suka sayi katin suka gwada a gida sukan karanta shi a juye, su tayar wa yaro da hankali a banza. Ko layi na biyun ya fito dishi-dishi, ba a samu ba ke nan. Idan layin C bai fito ba, katin ya lalace, a sake da sabo.

Kowace ƙwaya da kwanakin da take yi a fitsari. Kodin kwana 1 zuwa 3, tiramol kusan haka ko ta ɗara kaɗan. Wiwi ga wanda ya sha sau ɗaya kamar kwana 3, ga mai sha kullum har kwana 30, saboda tana maƙalewa a kitsen jiki. Diyazefam ma ga wanda ya daɗe a kanta tana yin makonni. Gashin kai yana riƙe shaidar wata uku.

Ku lura da wannan sosai, musamman masu yi wa ɗa ko mai neman aure gwaji. Katin yana ganin abin da aka rubuta a jikinsa ne kawai. Layin kodin ba ya kama tiramol, sai in katin na da nata layin daban. Ekzol da sholisho ba sa cikin katin da aka saba. Sai yaro ya fito da takarda fes alhali yana kan sha. Ta ɗaya gefen kuma, katin kan zargi marar laifi: rifamfisin na masu tarin fuka yana iya fitowa kamar kodin, wasu magungunan mura kuma kamar ƙwayar ƙara kuzari. Shi ya sa kafin a gwada ka, ka faɗi duk maganin da kake sha, kuma kada a fasa aure ko a kori ɗalibi kan kati ɗaya sai an tabbatar a babban ɗakin gwaji. Masu shan ruwa jarka guda ko kawo fitsarin ƙane, ɗumi da launi da ma'aunin kiriyatinin, wani sinadari da ke cikin fitsari, suna tona su.

Shugaban NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, Buba Marwa, ya daɗe yana kira a riƙa gwaji kafin aure da ɗaukar aiki da shiga jami'a. Ranar da wani zai sa ka gwaji tana tafe. Gara ka je da ƙafarka yanzu, lokacin da sakamakon zai tsaya tsakaninka da likita.

Idan an samu, kada ka yanke dare ɗaya kai kaɗai. Barin roci ko diyazefam kwatsam yana kawo jijjiga mai iya kisa, a hankali likita ke rage su. Barin tiramol da kodin na zuwa da ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci, ya fi tsanani a kwana na 2 da na 3, ya lafa cikin mako guda ko fiye kaɗan. Je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ka nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ka kira layin NDLEA na kyauta, 0800 1020 3040. Iyaye, don Allah a bar kai yara gidan mari. Mun ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina a watan Oktoban 2019. Kuma wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya manta yawan da ya saba, in ya koma kan adadin da, wannan adadin na iya kashe shi.

Idan ka tarar da abokinka ba ya amsa kira, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, numfashinsa na ja a hankali, leɓɓansa sun sauya launi, kada ka ɗura masa madara ko manja, za su bi ta huhu. Kwantar da shi a gefensa, ka nemi abin hawa nan take. Akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin kodin da danginta cikin mintuna. Tattara kwalba da fankon ƙwayar da ke wurin ka tafi da su, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha.