Wa ke tace rubutun matan?

Wani labari ya ce farfaɗowar addinin Kirista ta ƙarni na 18 a Ingila ta sakar wa mata marubuta mara, amma bai faɗi wanda ke riƙe da alƙalamin gyara ba. Wasiƙun matan ɗarikar Methodist sai jagoranta John Wesley ya zaɓa, ya rage, kafin su fito a mujallar da ya kafa a 1778. Anne Steele ma da sunan aro, Theodosia, ta buga waƙoƙinta a 1760. Mary Bosanquet ta rubuta wa Wesley a 1771 tana kare wa'azin mata, ya amince, amma bayan rasuwarsa babban taron Methodist na 1803 ya ce mace ta yi wa mata kawai. To wasiƙun da aka ƙi bugawa fa, marubucin labarin ya neme su kuwa?