Ɗiyata Shafi'u

A gidana akwai wata doka da ba wanda ya rubuta: sunan 'ya mace da "u" yake ƙarewa. Ta fari Asma'u. Ta biyu Hauwa'u, sunan mahaifiyata ke nan, shi ya sa muke ce mata Ummi, don babu mai bakin kiran sunan Inna gatsau a tsakar gida. Ta uku Zahra'u. Idan uwargida ta tsaya bakin madafi da magariba tana jero su, Ma'u, Zahra'u, duk maƙwabta sun san an sauke tuwo.

Ta huɗu ta iso wata Talata cikin tsakiyar bazara, zafin Sakkwato yana kan ganiyarsa. Ko kunun kanwa ba a gama damawa ba maijego ta kafa mini sharuɗɗa.

"Baban Ma'u, suna dai ya ƙare da u kamar na 'yan uwanta. Amma ba ni son wanda in anka kira shi makarantar allo, ɗiya goma ka waigowa."

Tana da hujja. Garin nan ka tsaya bakin titin Mabera ka ce "Asma'u" da ƙarfi, sai ka tara taro, albarkacin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta bar waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta bar 'Yan Taru da jajinsu suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Kowane uba yana son ɗiyarsa ta ɗebi tubarrakin. Sai na bugi ƙirji na ce ta bar mini, ai na yi Islamiyya.

Inna tana gefe tana jan carbi, ba ta ko ɗaga kai ba. "Ran Talata anka haihe ta. Talatu ta. Ga u nan ƙarshe, mi kuka nema kuma?" Na ce Inna wannan ai sunan rana ne, kowa yana da shi kyauta. Na ƙara da cewa ita kanta Nana Asma'u tagwaye aka haife su da ɗan'uwanta Hassan, amma Shehu bai ba ta sunan tagwaye ba, ya zaɓa mata sunan ɗiyar Sayyadina Abubakar. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, kai Shehu na?"

Na kwana ina latsa waya, na tara sunaye cike da bayan takardar magani, na hau kabu-kabu zuwa wurin wani malamin zaure can kusa da Hubbare, abokin marigayi mahaifina. Nufina ya sa albarka kawai. Ashe gyaran jarrabawa na kai kaina.

Na farko a takardar Rumaisa'u. Na riga na ƙwallafa rai a kansa, don daɗin faɗi gare shi. Malam ya ce mai sunan babbar sahabiya ce, ita ce Ummu Sulaim mahaifiyar Anas ɗan Malik, wadda ta ce wa Abu Ɗalha musuluntarsa kaɗai ta ishe ta sadaki. Na ce madalla. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Amma ka san asalin kalmar?" Na yi shiru. Ya ce daga ramas take, wato farin abin nan da ke taruwa a gefen ido. Kwantsa. Rumaisa'u, 'yar mai kwantsa. Na tuna bakin ƙannen matata, na ja layi a kai.

Na biyu Khansa'u. Malam ya lumshe ido, ya ce wannan mawaƙiyar Larabawa ce da ba a yi kamarta ba wajen waƙar makoki, ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru waƙoƙin da har yau ake karantawa, kuma sunanta na yanka Tumadir. Khansa'u laƙabi ne: mai gajeren hanci da ya ɗan ɗage sama, irin na barewa. Nan gumi ya karyo mini. Dangin matata Fulani ne masu hanci har baka, jaririyar kuwa nawa ta ɗauko, kuma tun a asibiti gwaggonninta suke leƙa zane suna cewa "Allah dai shi raya." In na kai wannan suna gida, na ba su abin faɗi har ranar aurenta.

Daga nan abin ya zama kamar tallan atamfa, kowace aka warware sai an ga inda ta yi zuba. Humaira'u, 'yar ja, laƙabin Nana A'isha. Tawa kuwa kunnuwanta sun riga sun nuna inda launi zai dosa, wato wajena. Najla'u, mai dara-daran idanu. Tawa sai ta yi kuka ake tabbatar da tana da su. Shaima'u, 'yar Halimatus Sa'adiyya wadda ta yi renon Manzon Allah (SAW), ma'anarsa mai tawadar Allah a jiki. Na ce ban duba ba tukuna. Afra'u, fari mai sirkin ja irin na ƙasa. Samra'u, mai launin wankan tarwaɗa, shi kaɗai ya kusa, amma na san uwargida za ta ce gori na yi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wai su duka siffar jiki ce?" Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce akasarinsu haka suke, don a Larabci wannan awo na mace ne a launi da halittar jiki: namiji ahmar, mace hamra'u; namiji asmar, mace samra'u. Ita kuma "u" ɗin da muke ta wahala a kanta rufu'a ce kawai ta nahawu. Balarabe in ya tsaya a kan suna sai ya haɗiye ta, ya ce Asma, ya ce A'isha. Mu ne muka karanta a allo da wasalinsa, muka riƙe gam, muka sami A'ishatu da Hadizatu da Sa'adatu da Balkisu. Wato mako guda ina farautar abin da masu harshen suke yarwa.

Ganin na yi laushi, sai ya karɓi alƙalami ya rubuta mini ɗaya: Shifa'u. Waraka ke nan, ba ruwansa da hanci ko ido. Mai sunan Shifa'u 'yar Abdullahi ce, daga dangin Sayyadina Umar, tana cikin 'yan matan Makka ƙalilan da suka iya rubutu, kuma ita ta koya wa Nana Hafsatu. Na sumbaci hannunsa. A gida uwargida ta juya shi a baki, ta ce ya yi kama da sunan kemis, amma ta yarda, da yake ba ta san kowa da shi ba duk Mabera. Muka yi alkawarin ba wanda zai ji sai ranar suna, kada wata ta riga mu.

Ga inda sirri ya kai mu.

Ranar suna bayan asuba an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, ragon da na sayo a Kara yana ɗaure jikin darbejiya. Limamin unguwarmu dattijo ne mai daraja, sai dai kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, kuma a hagunsa aka zaunar da ni. Na sunkuya na raɗa masa, "Shifa'u." Daidai lokacin mai shayin tsallake ya tayar da janareto. Liman ya ce, "Na'am?" Na maimaita. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane sarai, ya yi addu'a, ya raɗa wa na kusa da shi, na kusa ya miƙa wa sanƙira. Sanƙira kuwa Allah ya hore masa murya, ya miƙe ya gyara babbar riga:

"Jama'a a yi salati! Sunan yaro Shafi'u! Allah shi raya Shafi'u!"

Kafin in buɗe baki an shafa fatiha, mahauci ya kwantar da rago. Hannaye suka yi mini caa. "Barka, barka! Ashe namiji na! Shi ne kab ɓoye muna?" Wani abokin aikina ya rungume ni har da ƙwalla, wai ya daɗe yana taya ni addu'a, alhali ni ban taɓa kai masa kuka ba. Ina cewa mace ce, ana cewa in bar wasa. Wani ɗan gani-kashe-ni ya tashi ya ce tunda namiji ne ina rago na biyu, wani ya ce a mazhabar Malik ɗaya ne ko mace ko namiji, gardama ta kaure a kan ragon yaron da babu shi.

Cikin gida guɗa ta tashi, ta tsaya a tsakiya. Sai ga Ummi da gudu: "Baba, Mama ta ce ka zo. Yanzu."

Na tarar da maijego zaune da jaririya a cinya, mata sun yi tsit. Ta ce a hankali, "Baban Ma'u, mi nij ji?" Na ce ai ya ƙare da u. Ban ba kowa shawarar ya faɗi irin wannan magana a ɗakin da ke da muciya kusa ba.

Na koma waje, na zagaya ta kunnen dama na Liman, na faɗa da ƙarfin da har mai shayi ya ji. Liman ya ce subhanallahi, ai niyyar uba ake bi, rago ya yanku a kan Shifa'u. Sanƙira ya ce shi fa shela biyu kuɗi biyu ce. Na biya. Sai dai rabin jama'a sun riga sun watse da goronsu da labarinsu, kuma labari ya fi gyara sauri. Kafin azahar ana kirana daga Gusau da Birnin Kebbi. Inna kuwa ko a jikinta, tana rawa da jaririya tana "Talatu, Talatuna," yau duk gidan har uwar da ta kafa sharuɗɗa haka suke kiranta.

Bayan sati biyu Kawu ya iso daga Illela, ya sauke ƙunshi: 'yar shadda ɗinkin maza, da hula ƙube ƙarama. Na zaunar da shi na yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga Hubbare har janareto. Ya saurara, ya kurɓi fura, ya tura mini ƙunshin da ƙafa.

"Aje su. Na biyar ɗin dai ka hwaɗi sunan da ƙarhi."