Wa ke tunawa da direbobin Agadas?

Duk shekara, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, wani ƙaramin gari da ke jihar Bavaria a nan Jamus, Bad Kissingen, yakan cika maƙil da manyan motoci. Baje koli ne na masu doguwar tafiya ta ƙasa, tun 1999 ake yin sa. Wani Bajamushe da muke aiki tare ne ya matsa mini bana, ya ce in zo in ga mutanen da suka san ƙasarmu.

Jama'a, ido ya ga abu. Fili ne fetal a gefen gari, kowa ya yada zango kusa da motarsa. Tsofaffin motocin soja da na kashe gobara ne suka fi yawa, Unimog da MAN da Magirus da Marsandi mai gajeren hanci irin wadda muka sani a tashoshinmu, an cire bodin an ɗora ɗaki. Na leƙa cikin wata, sai ga gado da katifa, murhun gas, firji, banɗaki har da ruwan zafi, faifan sola a kan rufi, na'urar tace ruwa, da wayar da ke kama tauraron ɗan Adam inda babu sabis. A gefe an ɗaure farantan ƙarfe masu huda-huda na fitar da taya daga yashi, da shebur biyu da ko fentinsu bai goge ba. A jikin ƙofa an jera tutocin ƙasashen da motar ta taka. Akwai sabbi fil da kuɗinsu ya haura Yuro 500,000. Ga yara na guje-guje, ga karnuka a ɗaure, ga hayaƙin gashi ta ko'ina, tsoho da tsohuwa sun baje taswira a kan tebur suna gardamar wace hanya ce ta fi kyau a Mongoliya.

Da yamma wani dattijo ya rataya farin ƙyalle a jikin motarsa, ya fara haska hotunan tafiyarsa ta shekarun 1980. Daga Aljas, babban birnin Aljeriya, zuwa Ghardaia, In Salah, Tamanrasset, In Guezzam, Assamaka, Arlit, Agadas, Damagaram, Kano. Da na ga marinar Ƙofar Mata a jikin ƙyallen nan sai da ƙirjina ya buga. A wancan zamani wannan ita ce babbar hanyarsu. Kamfanonin Ingila irin su Encounter Overland da Guerba da Dragoman suna loda matasa wajen ashirin a bayan mota, galibi Bedford a farkon lamarin, daga Landan har Nairobi ko Johannesburg, wata da watanni a hanya, ta Kamaru da Bangui da Kisangani. Wasu kuma Fijo 504 suke korowa su sayar a Arlit ko Agadas su koma gida a jirgi. Duk wanda ya tashi a Kano a lokacin ya san su a sansanin 'yan yawon buɗe ido na titin Bompai, rana ta gasa su sun yi ja, suna shanya wanki a jikin mota.

Sai ya haska wani hoto. Gingimari ce a cikin yashi, an yi mata lodi har ba a ganin bodi, buhuna da katifu da kekuna, jarkoki sun rataya ta kowane gefe an naɗe su da algarara, a can sama mutane sun zauna da rawani da tabarau. Wurin ya fashe da dariya. Dattijon ya ƙara musu da cewa ya tarar da direban yana toshe ɗigon tankin mai da sabulu, aka sake kwashewa. Daga nan, a gurguje, yana neman hoto na gaba, ya ce ai kwana ɗaya bayan haka motarsu ta kafe har gindi, kuma mutanen wannan motar ne suka sauko suka tone su. Babu wanda ya tambayi sunan direban. Shi ma bai sani ba, na tambaye shi daga baya.

Ba zan ce mugun mutum ba ne. Da ya ji daga inda nake, hannuna ya riƙe da hannu biyu, ya ce bai taɓa ganin karamci irin na Agadas da Kano ba. Tafiyar tasu ma ba wasa ba ce, Sahara ta ci Turawa da yawa, kuma a 2003 an sace masu yawon buɗe ido 32 a kudancin Aljeriya, rabinsu Jamusawa. Na yarda da wannan duka. Amma dariyar nan ta tsaya mini a rai, domin abin da na gani shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutum ya ratsa sau ɗaya a rayuwarsa, da taswira da inshora da fasfon da kowace iyaka ke buɗe wa, shekara arba'in yana ba da labari ana tafa masa. Wanda ya mayar da hanyar wurin neman abincinsa, yana ratsa ta da rani da hunturu da rayukan mutane a wuyansa, shi ne abin dariya a cikin hoton.

Kawuna direban irin wannan mota ne. Gero da goro da atamfa yake kaiwa arewa, ya dawo da dabino da gishirin Bilma. Daga bakinsa na ji cewa yashi ya fi tauri da asuba kafin rana ta buɗe, don haka a lokacin ake kutsa wurare masu laushi. Ana sace iskar taya kafin a shiga, in an fita yaran mota su yi ta bugun famfon hannu har kafaɗa ta sage. Yana gane inda mota za ta nutse daga launin ƙasa. Sifirin ya karye, itace da igiya za su kai shi gari. Jarkar da aka yi wa dariya, ana jiƙa algarar ne don iska ta sanyaya ruwan, kuma ruwan nan da awo ake shan sa, yaro da mace kafin namiji. Sabulun ma dabara ce da ta ceci rayuka, duk tsohon direba ya san ta. Wace makaranta ce a Jamus za ta koya wa mutum wannan?

Sannan ku dubi yadda ake auna rai. A watan Janairun 1982 ɗan Firaministar Birtaniya, Mark Thatcher, ya ɓace a Sahara lokacin tseren motoci na Paris zuwa Dakar. Kwana shida ana nemansa da jiragen sama, duniya duka ta ɗauka, har sojojin Aljeriya suka gano shi da ransa. A watan Oktoban 2013 motoci biyu suka lalace tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya. Gawa 92 aka tsinta, 52 yara, 33 mata, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. 'Yan uwanmu ne, harshenmu suke yi, ƙishirwa ta kashe su. Nijar ta yi makokin kwana uku, sauran duniya ta yi labarin kwana biyu ta wuce. Babu wanda ya ambace su a filin nan na Bad Kissingen, alhali hanya ɗaya ce da wadda dattijon ke haskawa.

Doguwar tafiya ba Bature ya koya mana ba. Fatakenmu sun yi Gwanja da jakuna tun babu kwalta, madugu a gaba. Alhazai sun bi ta Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu), Abeche, Adre, Janaina, Al-Ubayyid, har Sawakin, da ƙafa da farko, daga baya a bayan manyan motoci, wasu su tsaya noman auduga a Jazira shekaru kafin su haɗa kuɗin tsallaka Bahar Maliya. Zuriyar waɗanda ba su dawo ba suna nan a Sudan, a Maiwurno da sauran garuruwa. Ko Heinrich Barth, matafiyin da Jamusawa ke ji da shi, wanda ya shiga Kano a 1851, daga baya akwai yaro Bahaushe a tare da shi, Dorugu, ɗan ƙasar Kance ɗin nan. Ya bi shi har Tumbutu, suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus a 1855, ya ga Landan ya ga Hamburg, ya dawo gida ya rasu a Kano a 1912. Barth yana da titi da sunansa a Hamburg. Labarin Dorugu kuwa da ya bi iska, ba don wani ɗan mishan ya zaunar da shi ya rubuta abin da ya faɗa da Hausa ba.

Wannan ne ya hana ni barci a daren. Dattijon nan yana da akwatunan hotuna, kowanne da kwanan wata da sunan wuri, da littafin da ya rubuta litar man da ya sha a kowane zango. Kawu ya rasu, abin da ya bari lasisi ne da hoto ɗaya na fasfo. Mun zauna a gabansa dare da yawa yana ba da labarin Dirku da rijiyoyin hanya, muna ji muna hamma, muna ganin labarin ba zai ƙare ba. Hanyar ma ta rufe wa baƙi tun farkon shekarun 1990, da yaƙin Aljeriya da tawayen Abzinawa. Assamaka da suke ɗaukar hoto a da, yanzu can ake zubar da waɗanda aka koro daga Aljeriya, su tako wajen kilomita 15 a cikin yashi kafin su iso gari. Na daɗe ina burin in sayi tsohuwar mota a nan in koro ta da kaina har ƙofar gidanmu, yarana a baya, su ga yadda ƙasa ke canzawa daga dusar ƙanƙara zuwa rairayi zuwa gonakin gero. Yau ko daga Kaduna zuwa Birnin Gwari sai mutum ya yi shawara da iyalinsa.

Ɗaya daga cikin yaran motar Kawu yana nan da rai a Damagaram, ya tsufa, ido ya yi rauni amma kai garau. Na roƙi ƙanena ya je da waya ya ɗauki muryarsa. Na aika da tambayoyi: sunayen direbobin da suka yi zamani tare, rijiyoyin da suke tsayawa, abin da ake rubutawa a goshin kowace mota, wa ya ɓace, wa aka samo, wa ya tone wa. Baban ya amsa, ya ce a zo bayan girbi, kuma a kira masa wasu abokan aikinsa biyu da ke Tanut don abin da ya manta su tuna masa.