Zane da fenti bai tsufa ba, mu ne muka juya masa baya

Tun da aka fito da kamarar ɗaukar hoto a Faransa a 1839 ake cewa kwanan masu zane da fenti ya ƙare. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, yaro zai rubuta mata jimla ɗaya a waya ta ba shi hoto kafin ya ƙifta ido, sai maganar ta sake tasowa. Ni ban yarda da ita ba.

Masu kuɗin duniya ma ba su yarda ba. A 2018 an yi gwanjon zanen wata mata mai suna Tutu, wanda mai zane ɗan Najeriya Ben Enwonwu ya yi a 1974, a kan fam miliyan 1.2 a Landan. A shekarar ne kuma aka sayar da wani zanen Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu, a kan fiye da dala miliyan 3. Amma farashi ba shi ne babbar hujjata ba.

Hujjata tana tashar mota. Ka tsaya bayan gingimari a Birnin Kebbi ko Jega, ka kalli mai zane da gwangwanayen fenti a gabansa, yana tsoma buroshi a kananzir, yana ja da baya ya duba, ya dawo ya ƙara ja a wuyan dawisu. Yini guda zai yi a kan ƙyauren mota ɗaya. Direban ya gaya masa abin da yake so, sun yi gardama a kan launi, sun daidaita. Abin da ya fito daga nan ya san mai shi, ya san hanyar da motar ke bi. Na'ura kuwa daga tarin hotunan da aka loda mata take kwasowa, kuma namu a cikinsu kaɗan ne. Shi ya sa idan ka nemi ta zana maka ɗan Arewa, sau da yawa rawanin da za ta naɗa masa ba irin naɗinmu ba ne.

Akwai masu cewa zane baƙon abu ne a wurinmu, ko su kawo batun hukuncin surar abu mai rai. Wannan magana ce ta malamai, kuma ina girmama ta. Sai dai zane ya fi sura faɗi. Allon zayyanar da ake yi wa ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani, da jansa da rawayarsa da korensa, aikin hannun gwani ne. Haka dagin da magina ke fitarwa a fuskar zaure su bi shi da launi. Kakanninmu sun daɗe suna wannan. Hatta sabon salon zanen Najeriya a Arewa ya samu gindin zama: a Zariya ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su ɗauki dabarun Turawa su haɗa da gadon gida.

Abin da ke karya masu zanenmu a yau shi ne banar roba da inji ke bugawa. Mai shago, mai makaranta, ɗan siyasa, kowa can ya nufa don ta fi araha. Kafin a ci damina biyu rana ta cinye launinta, iska ta yayyaga ta, ta ƙare a kwata. Shi kuwa mai zanen, da aiki ya yanke, sai ya koma kabu-kabu, yaran da ke koyo a hannunsa su watse. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shi cikin gadon duniya a 2016. Dubban masunta na rugawa cikin kogin Matan Fada da gora da homa, ƙura ta tashi, ruwa ya koma launin ƙasa. Ana ɗaukar hotuna ba adadi, a ɗora a Facebook, bayan mako guda an manta da su. Me zai hana gwamnatin Kebbi da masarautar Argungu su riƙa gayyato masu zane duk lokacin biki, a ba su fenti da ladan aiki, a ware wa abin da suka zana ɗaki a Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu? Haka bikin Uhola a Zuru. Katangun makarantun firamare da na asibitoci kuma ga su nan fayau a kowace ƙaramar hukuma. A ba masu zanen garin kwangilarsu, da sharaɗin kowanne ya ɗauki yara biyu ko uku su koya a wurinsa har aikin ya kammala.