Ba dutse ke karya mai keke ba

A fadarmu ta hira a unguwar Birni, cikin Damagaram, da an ambaci masu yawon buɗe ido da ke hawa duwatsun Turai a keke, sai ka ji, "Kai, ƙafarsu ƙarfe ce!" Ba haka ba ne. Aikin giya ne, ta keke nake nufi. A hawa sai a mai da sarƙa kan babban haƙorin baya, ƙafa na juyawa da sauƙi, keken na tafiyar hawainiya. Gangara kuwa hutu ce.

Iska ce muguwa, masu bin bakin teku sun sani. Ka nufi Mirriya, garin da ke gabas da Damagaram, da hantsi lokacin hunturu: hanya shimfiɗe, iskar gabas na dukan ƙirjinka, kana haki, kuma ba gangarar da za ta biya ka.