Ledar maganin Baba: nasiha ga masu jinyar iyaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wasiyya da iyaye a Suratul Isra'i, aya ta 23, lokacin tsufansu ya ware ya ambata: idan ɗayansu ko duka biyun suka tsufa a wurinka, ko "tir" kada ka ce musu. Yawancinmu a harshe kaɗai muka tsayar da wannan aya. Alhali akwai gidan da ba a taɓa ɗaga wa Baba murya ba, 'ya'yansa takwas kowa na ji da shi, amma jinyarsu ce ke ƙara masa ciwo. Wanda ke Abuja ya turo kuɗi an kai shi asibitin kuɗi, na gida ya kai shi na gwamnati, 'yarsa ta zo da ƙullin sassaƙe, maƙwabci ya sayo masa na ciwon gwiwa a kemis. Ba wanda ya san abin da wani ya bayar. Ranar da aka zazzage ledar da ke ƙarƙashin matashinsa sai a tarar da amlodipine, maganin hawan jini, kwali biyu, kamfani daban-daban, yana haɗiyar duka biyun a zaton kowanne aikinsa daban. Ga dalilin jirin da ke ɗibarsa duk sanda ya miƙe daga tabarma.

Ku zauna, a gabansa, ku naɗa mutum ɗaya mai riƙon jinya. Ba lallai babban wa ba, kuma ba lallai mai kuɗin gidan ba. Wanda ke ganin Baba kullum shi ya dace. A saya masa littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A ciki za a rubuta sunan kowane magani da ƙarfinsa da lokacin shansa, da awon jini da na suga tare da kwanan wata, da ranar komawa asibiti. Duk likitan da za a gani, littafin da ledar su riga ku shiga ofishinsa, har da na gargajiyar. Ɓoye wa likita sassaƙe ba ladabi ba ne ga kowa. Sauran 'ya'ya kuma su raba nauyi a fili: wane kuɗin maganin wata, wane mota ranar asibiti, wance girki.

Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi, domin sauƙin aikin maganin ne. A auna jinin bayan ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, hannunsa daidai ƙirji. Idan awo ya yi ta kai 140/90 ko sama kwanaki a jere, a koma wa likita, kada a ƙara ƙwaya a gida. Diclofenac da ibuprofen da ake saya saboda gwiwa suna ɗaga jini, suna kuma taɓa ƙoda. Gishirin yini duka kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗanɗanon dunƙule yana cikin lissafin.

Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide ko yin allurar insulin, in ya ƙi cin abinci, suganshi na iya faɗuwa. Za ku ga zufa, makyarkyata, rikicewar magana, har wasu su fara cewa iska ce. Awon suga ƙasa da 70 mg/dL ke nan. A dama ƙananan cokula uku zuwa huɗu na sukari a ruwa ya sha, a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti. A riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, a kuma taɓa ruwan alwalarsa kafin a miƙa masa buta, don ƙafar da suga ya kashe wa ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

Sai kuskuren masu tausayi: a rufe tsoho a ɗaki da sunan hutu. Ba masallaci, ba majalisa, ba suna ba biki, ana shawarar jikinsa a zaure shi yana ciki. Tsohon da aka yi wa haka shi ne ke fara tofar da magani a bayan gado. Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, yana fama da basir ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da salla, sai ya ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ku kai wa Baba kujera gefen sahu, jika ya riƙa raka shi, abokansa su san jinyarsa. Azumi kuwa a tambayi likita makonni kafin Ramadan. Wanda ba zai iya ba har abada, Shari'a ta ba shi ciyarwa.

In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a nufi babban asibiti nan take, addu'a a bakinku kuna tafe. Lambar mai motar da zai ɗaga waya da ƙarfe biyun dare, tun yau a rubuta ta a bangon littafin.