Ranar da na tayar da unguwa da gudu

Tun da na ajiye aiki, tafiyata mafi nisa ita ce daga tabarmar zaure zuwa masallacin ƙofar gida, masallacin da in na yi tari a zaure ladan yakan ce min sannu. Shekara 35 na yi a kujerar gwamnati, na fito da fansho, da tumbi, da wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an roƙe ta. Ban ga laifin wannan zaman ba sai da jiri ya fara ɗibata in na ɗago daga ruku'u.

Likitan da na gani yaro ne, bai fi sa'ar ɗana na uku ba. Ya ɗaura min abin awo a dantse, ya matse ni, ya duba, ya sake matsewa kamar bai yarda da abin da ya gani ba.

"Baba, 160 bisa 100 ne. Mu daga 140 bisa 90 muke kiransa hawan jini."

Ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri da dunƙule a miya, sannan ya zo kan abin da ya jawo min duk wannan fitina. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba, har da tsoho irina, ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya ce da ɗan sauri, wadda mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Na ce masa ni ko a zaune ban taɓa waƙa ba. Bai yi dariya ba. Yaran yanzu ba su san raha ba.

Washegari na shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, na sayo riga da wando irin na 'yan ƙwallo, da kambas fari. Da na saka na fito tsakar gida, Hajiya tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ajiye rariya.

"Malam, lafiya dai ko?"

Jikata kuwa, wadda kullum take ce min angonta, ta ce yau ta fasa auren, ba za ta zauna da mai tsaron gida ba. Na ce da ita dama ban biya sadaki ba.

Abin da likita bai sani ba, ko ya sani ya ɓoye, shi ne a Kano dattijo ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. Dole akwai dalili, kuma dole kowa ya ji shi. Ranar farko bayan sallar asuba na nufi wajen Dutsen Dala, na ce in kewaya gindinsa in dawo. Ban yi taku hamsin ba na haɗu da wani tsohon abokin aiki. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, yaya mai jiki, an biya na wannan watan kuwa? Kafin mu gama da zancen fansho rana ta fito. Na wuce shi na faɗa hannun mai ƙosai, wadda ta rantse ba zan gifta ta gaban kaskonta hannu wofi ba. Na duba agogo: minti 30 sun cika, na yi su a tsaye, da ƙullin ƙosai mai zafi a hannu.

Rana ta biyu ta fi muni. Wani maƙwabcina ya taka birki a gabana.

"Subhanallahi! Alhaji, kai ne a ƙasa? Ina motar?"

Na ce motsa jiki nake. Ya yi murmushin nan na wanda ya gane ana rufin asiri, ya fito ya buɗe min ƙofa, ya ce wallahi ba zai wuce ya bar ni ba. Mutum ya yi rantsuwa, ya zan yi? Na shiga, ya dawo da ni har ƙofar gida. Kafin azahar labari ya zagaye unguwa cewa Alhaji ya sayar da mota, abin ya kai har babbar rigarsa ma ta tafi, kayan gwanjo yake sawa. Da magariba sai ga yaro da kwano biyu na shinkafa, wai in ji wani bawan Allah da bai so a faɗi sunansa. Hajiya ta karɓa ta yi godiya, ta ce in ci gaba da fita.

A daren nan na yi tunani, kuma yanzu na san shaiɗan ne ya taya ni. Na ce mai tafiya ake tsayarwa, mai gudu ba wanda zai tare shi da gaisuwa. Ai a makarantar sakandare ni ne na biyu a tseren gidanmu. Ban tsaya lissafin cewa lokacin Janar Gowon ne yake mulki ba.

Asubar ta zo da hazo, irin na tsakiyar hunturu, wanda ba ka ganin abin da ke gabanka sosai. Ana sallamewa na tuɓe jallabiyar da na ɗora a kan kayan, na miƙa wa ladan ajiya, na yi bismilla, na zura.

Taku ashirin na farko, wallahi, daɗi. Iska tana kaɗa min gemu, na ji kamar an mayar min da shekara arba'in. Sai na ji ƙafafu a bayana. Almajirai ne guda uku da robobinsu, sun ga tsoho yana gudu, ba su tsaya tambaya ba. Mai shayi ya hango mu, ya bar tukunya a kan wuta ya biyo baya da ludayi a hannu. Wata mata ta leƙo ta kan katanga ta ƙwalla ihu. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai ga 'yan sintiri da gorori da fitilu, ga masu fitowa daga wani masallacin, ga wani da ɗaurin ƙirji da asuwaki a baki.

"Alhaji ina yake? Ina ya bi?"

Na buɗe baki in ce ba kowa, numfashi ya ƙi. Ƙirjina kamar ana hura wuta da zugazugi. Na ɗaga hannu ina nufin su dakata, su kuwa suka ɗauka hanya nake nuna musu. Gaba ɗaya suka kwasa suka wuce ni, suka nufi Dala suna "A tare! A tare!" Aka bar ni ni kaɗai a tsakiyar layi. Na lallaɓa na zube a dakalin wani gida, kambas ɗaya a ƙafa, ɗayan ban san inda ya tsaya ba.

Sun ɗauki kusan rabin awa kafin su dawo, suna haki, wasu na cewa sun hango shi ya tsallake katanga, wani ma ya ce baƙar riga ce a jikinsa. Shugaban 'yan sintiri ya durƙusa a gabana.

"Baba, ya kuɓuce mana. Me ya ɗauka?"

Na dubi fuskokin nan, sun fi talatin, kowa ya jiƙe da gumi a cikin wannan sanyi. Na so in ce waya ce. Sai na tuna yanzu na fito daga masallaci.

"Motsa jiki nake yi. Likita ne ya ce."

Ba wanda ya yi magana. Can sai mai shayi ya ce, "Madarata!" ya juya da gudu. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ƙi gudu ya zama sa gudu ba sai yau.

Kwana huɗu ina sallah a zaune. Gwiwoyina suka kumbura, Hajiya tana shafa min man zafi tana dariya ƙasa-ƙasa, wai ita da take shara da wanke-wanke da hawa bene sau goma a wuni ba ta taɓa tara jama'a ba. Mai unguwa ya aiko a gaishe ni, tare da roƙon in zan sake, in sanar tun dare. Kuɗin madarar da ta ƙone ni na biya. Da na koma asibiti, likita ya saurari labarin har ƙarshe, wannan karon ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Baba, ni tafiya na ce. Wa ya ce gudu?"

Jikata ce ta kawo dabarar da nake kai yanzu. Na mayar da kayan ƙwallo cikin akwati, na koma jallabiyata da hula, na riƙi wani tsohon littafin rubutu a hammata. Duk wanda ya tare ni ya ce Alhaji ina zuwa da sassafe haka, sai in ɗaure fuska in ce, "Bashi zan je karɓa." Ba mai tsayar da ni, ba mai buɗe min mota. Wasu ma in sun hango ni sai su shige lungu, har da waɗanda ban san ina bin su komai ba. Ina kewaya Dala in dawo cikin minti 35, jirin ya tafi, awon ya fara sauka.

Makon jiya wani tela ya tare ni a hanya, jikinsa na rawa, ya danƙa min naira 4,000, ya ce in yi haƙuri, cikon kuɗin yadin da ya ɓata min ne tun kafin korona. Ni na ma manta. Na karɓa, na buɗe littafin na yi kamar ina soke suna, na biya ta wajen mai ƙosai.